Waiwaye: Dattijon da ya zo Zariya neman sarewa

Kwanakin baya na raka wani ɗan ƙanena situdiyo, za a ɗora masa kiɗa a kan wata waƙar biki da ya tsara. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an manne bangonsa da soso, ga kwamfuta, ga fiyano a gaban wani matashi mai zafin nama. Da aka zo wata gaɓa sai yaron nawa ya ce a sa masa sarewa irin ta Fulani, don amaryar Bafulatana ce. Mai fiyano ko ɗaga kai bai yi ba. Ya danna maɓalli, ya zaɓi lamba, ya aza yatsu uku, sai ga sarewa ta cika ɗakin. Kowa ya ce ta yi. Sautin kam tas yake, babu gargada ko ɗaya. Amma har muka fito raina bai kwanta ba, sai da muka hau titi na gane abin da na rasa a cikinta, wato numfashin mutum.

Sarewar da na sani tun ina yaro ba haka take ba. Idan kaka ta yi, an kwashe amfanin gona, shanu sun shigo cin kara, akwai wani ɗan Fulani da kan zauna a gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. Karan dawa ya zaɓa mai kauri, ya rarake cikinsa, ya huda masa ramuka huɗu da ƙusa mai zafi. In zai busa sai ya karkata ta a gefen baki ya lumshe ido. Kana jin iska na sulalewa ta gefen leɓensa, kana kuma jin wani gurnani daga maƙogwaronsa yana bin sautin ta ƙasa, kamar mutum biyu ne ke busar. Wata rana ya miƙo mini ita. Na hura, na sake hurawa, ba abin da ya fito sai iska. Ya ce mini kowa da haka ya fara, shi ma sai da ya yi kwanaki kafin ta amsa masa.

Wannan tunani ne ya kai ni ga waiwayen yau, kan wani dattijo baƙar fatar Amurka da ya baro ƙasarsa a 1981, yana da shekara 60, sunansa ya riga ya zaga duniya, ya zo ya tare a Zariya har shekara huɗu. Cikin abubuwan da suka kawo shi har da wannan karan mai rami huɗu. Sunansa Yusef Lateef, Yusuf Latif a bakinmu.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Detroit, birnin ƙera motoci, a can ya girma, a can kuma ya ɗauki saksofon, wannan ƙahon tagulla mai lanƙwasa da ke da murya kamar ta namiji mai cikar ƙirji. Bai daɗe ba ya shiga sahun gwanaye. A 1949 yana cikin ƙungiyar Dizzy Gillespie, wanda a zamanin nan duk mabushin da ya samu kujera a bayansa an san ya isa. A daidai wannan tsakani ne ya shiga Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya, ya ajiye tsohon sunansa ya ɗauki Yusuf.

Kiɗan da ya tashi a cikinsa shi ne wanda duniya ke kira jaz, ko da yake shi ya ƙi wannan suna, yana ganin kalma ce ta ƙasƙanci da aka liƙa wa fasahar mutanensa. Ginshiƙin wannan kiɗa ƙirƙira ce nan take. Za a ɗauko karin da kowa ya sani a bi shi sau ɗaya, daga nan a ba kowane makaɗi da mabushi fili ya faɗi nasa, abin da bai shirya daga gida ba, ba kuma zai sake maimaita shi daidai haka ba. Duk wanda ya san yadda Mamman Shata ke tsayawa gaban jama'a waƙa ta zo masa a take, masu kalangu da 'yan amshi na riƙe masa gindi, ya fahimci abin da ake nufi.

To, a nan tarkon yake. Mutumin da ya shekara goma sha biyar ko ashirin yana busa abu guda, yatsunsa kan haddace hanyoyi. Sun san inda za su bi a ji daɗi, sun san gaɓar da in aka taɓa ta jama'a za su tafa. A hankali sai hannu ya riƙa rigan zuciya. Mai sauraro yana jin gwaninta, amma shi mabushin ya san a ransa cewa abin da ya faɗa jiya ne yake sake faɗa yau, ya dai sauya masa riga. Wannan ciwo ba ya kama ɗan koyo. Gwani yake kamawa, kuma yabon jama'a shi ke ɓoye shi har ya yi tsanani.

A 1950 Yusuf ya koma Detroit ya shiga Jami'ar Wayne don karatun tsara kiɗa. Wani abokinsa mai kaɗa jita, Kenny Burrell, shi ya ba shi shawarar ya ɗauki sarewar Turawa, ta ƙarfe, wadda ake riƙewa a kwance. Mai kallo daga nesa zai ce ai duk busa ce, me ya raba dambe da faɗa? Akwai bambanci babba. Saksofon na da ɗan siririn harshe na gora da ake sawa cikin baki, shi ke rawa ya ba da sauti, kuma mai ƙarfin huhu na iya tursasa shi. Sarewa ba ta da harshe. Iska ce kawai ake aikawa ta gifta bakin rami, in ta kauce da kaurin gashi sautin ya mutu. Mutumin da ya zauna a ƙungiyar Gillespie ya koma yana hura iska a banza kamar yadda na yi a gindin tsamiya, yana da mata da 'ya'ya, yana da shekara talatin.

Zaman Detroit ɗin nan bai zo masa da sauƙi ba. Da rana yana aikin leburanci a kamfanin motoci na Chrysler, da dare yana busa. Sai a 1957, yana da shekara 36, ya fara fitar da manyan faya-fayai da sunansa, kuma a wannan shekara kaɗai ya ɗauki fiye da biyar. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a lokacin ne ya lura, in dai zai ci gaba da fitar da faifai bayan faifai, to ba zai yiwu ya riƙa zuba miya ɗaya a kwano daban-daban ba. Sai ya mai da ɗakin karatu na birnin gidansa na biyu, yana bin littattafai da faya-fayan kiɗan wasu al'ummu, na Larabawa, na Indiya, na Sin, na Japan. A wurin aiki kuma ya haɗu da wani mutumin Siriya da ya tambaye shi ko ya san rababa, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan gogenmu da kukumarmu. Bai sani ba, bai kuma ji kunyar cewa bai sani ba. Mutumin ya haɗa masa guda, ya kawo ta cikin ƙungiyarsa, mai kaɗa masa babbar garaya, Ernie Farrow, ya riƙa kaɗa ta. Wannan wuri na labarin yana taɓa ni ƙwarai. Malaminsa na farko a kiɗan Gabas abokin aikinsa ne a layin haɗa mota, mutumin da wani gwanin ko kallo bai ishe shi ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya ɗauki argul, tagwayen sarewar gora ta Masar da ƙasashen Sham, wadda ɗaya ke riƙe sauti guda ba yankewa, ɗayar na yawo a kansa. Ya ɗauki shanai, algaitar bikin Indiyawa. Ya koyi yanka gora yana ƙera sarewarsa da hannunsa. Har kwalbar lemo da balan-balan ya sa a faifai a 1957, ana hura bakin kwalbar, ana murza balan-balan ɗin yana ƙara. Wasu suka ɗauka wasa ne ko neman suna. Bahaushe dai bai kamata ya yi mamaki ba, tunda da gwangwani da 'yar fata da tsirkiya ɗaya Ɗanmaraya Jos ya haɗa kuntigin da ya kai shi ƙasashen duniya.

Abin da ya fi ba shi wuya, ya kuma fi fito da shi daban, shi ne obo, wadda zan kira algaitar Turawa, don kuwa dangi ɗaya suke da tamu. Harshenta biyu ne, siraran gora guda biyu da aka ɗaure fuska da fuska, ramin da ke tsakaninsu ɗan mitsitsi. Iska kaɗan take sha amma da matsi mai yawa, har mabushi kan ji kansa ya yi nauyi, sai ya fitar da tsohuwar iska kafin ya shaƙi sabuwa. Masu busa ta kan zauna da wuƙa suna fere harshen da kansu, in ya yi kauri ta ƙi magana, in ya yi siriri ta yi kukan agwagwa. A ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai aka san ta, 'yan jaz ba su cika kusantarta ba. Yusuf yana dab da shekara arba'in ya je wajen wani mabushin obo na babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Detroit, Ronald Odmark, ya zauna a gabansa a matsayin ɗalibi.

Wanda ke son jin amfanin wannan wahala ya nemi faifan da ya ɗauka ranar 5 ga Satumba, 1961, mai suna Eastern Sounds, wato sautukan Gabas. Kiɗan farko a ciki, The Plum Blossom, da wata 'yar tukunyar yumɓu ya busa shi, sarewar Sin mai siffar ƙwai da ake kira shun, wadda ta shekara dubbai a hannun mutanen can. A unguwar Sinawa ta New York ya samo ta. Sautukan da take iya bayarwa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Na saurari wannan kiɗa ban san adadi ba, kuma kullum abu guda ke kama ni. Ga mutumin da yatsunsa ke iya zuba sauti ɗari cikin ƙiftawar ido, an ba shi biyar kacal an ce ya yi magana da su. Sai ka ji ya natsu. Yana ajiye kowane sauti kamar mai jera ƙwai a faifai, rababar Farrow na taka masa a hankali daga ƙasa, kana jin iskar bakinsa na shafar yumɓun. Babu inda zai ɓuya. Duk hanyoyin da yatsunsa suka haddace a kan saksofon ba su da amfani a nan, dole abin da zai fito ya fito daga zuciya.

Karin ya shiga kunnen mutane har ya tsallaka teku. Wani matashi a Ingila mai suna Cat Stevens ya ɗora waƙarsa ta farko da ta yi fice a 1966 a kan wannan kari. Shi ne wanda daga baya ya musulunta ya zama Yusuf Islam da muka sani. Bayan shekaru ya fito ya amsa cewa karin na Yusuf Latif ne, ya kuma biya shi haƙƙinsa.

A cikin faifan nan dai akwai inda ya ɗauki karin wani fim ɗin Amurka, Spartacus, ya busa shi da obo, a hankali, da wata irin murya mai kama da kukan zuci. Har yau matasan da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a ƙasashe daban-daban suna yanko gutsurensa suna ginawa a kai.

Shekarun da suka biyo baya na samun suna ne. Ya koma New York a 1960, ya yi aiki da Charles Mingus, ya yi da makaɗin gangunan nan ɗan Nijeriya Babatunde Olatunji, ya shekara biyu a ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. A nan mutane da yawa za su miƙe ƙafa su ci gajiyar suna. Shi kuwa aji ya koma. Ya yi digirin farko a makarantar kiɗa ta Manhattan a 1969, yana gab da shekara hamsin, kuma a kan sarewa ya yi shi. Ya yi na biyu a 1970. A 1975 ya kammala digirin dakta a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, inda ya kwatanta tsarin ilimin Turawa da na Musulunci. Wajen 1980 ya yanke shawarar daina busa a gidajen rawa inda ake sayar da giya, alhali nan ne kasuwar mabusa irinsa take. Ya rufe wa kansa babbar ƙofar samu da hannunsa, sai Allah ya buɗe masa ta Zariya.

Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ɗauke shi a matsayin babban mai bincike, daga 1981 zuwa 1985. Ya yi koyarwa, ya yi aiki da makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayon cibiyar, sannan ya duƙufa kan binciken sarewar Fulani. Nakan hasko shi a raina, ƙaton mutum mai sanyin hali, mai digiri uku, wanda manyan zaurukan Turai da Japan suka tafa masa, yana zaune yana kallon bakin makiyayi don ya ga yadda ake karkata kara. Ƙasar da ya sauka kuwa ƙasar busa ce. Ga algaita a ƙofar fada, wadda mai ita ke cusa harshenta duka cikin baki, ya kumbura kumatu, yana shaƙar iska ta hanci yana tura ta ajiya ta baki, sautin ba ya yankewa har a gama kirari. Ga kakaki, ga farai, ga ƙaho. Mutumin da ya sha wuyar obo da shanai ya tarar da danginsu a raye, suna aiki a bakin mutanen da suka gaje su kaka da kakanni.

Bai tafi hannu rabbana ba, bai kuma tafi da abin shi kaɗai ba. A 1983 ya yi faifai da makaɗan cibiyar, ya sa masa sunan Hausa, Hikima. A wannan shekara kuma ya ɗauki wani a Legas tare da makaɗan gangunan Nijeriya, wanda ya fito a Amurka a 1985 da sunan In Nigeria. Shi da abokin aikinsa Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa, Hausa Performing Arts and Music, aka buga shi a Legas a 1987. Wannan a wurina shi ya raba shi da masu zuwa su ɗebi namu su tafi ko sallama babu. Ya zauna, ya koya, ya rubuta, ya bar mana kwafi.

Da ya koma gida sai kiɗansa ya sake sabon fure. A 1987 ya fitar da faifan da ya kira ƙaramar simfoninsa, wanda shi kaɗai ya busa ya kuma kaɗa duk abin da ke ciki, faifan ya ci lambar Grammy. A 1992 ya kafa kamfanin faya-fayansa na kansa, YAL, don kada wani ɗan kasuwa ya gaya masa abin da zai busa. A 1993 ya rubuta wani dogon kiɗa kan tarihin baƙaƙen fatar Amurka tun daga kamun bayi, babbar ƙungiyar kiɗa ta gidan rediyon Kolon a Jamus ta gabatar da shi. A 2010 hukumar fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take ba masu irin kiɗansa. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, a Shutesbury ta jihar Massachusetts, yana da shekara 93, kuma har cikin shekarar da ya rasu yana hawa dandamali.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Shata da kalangu ya fara, da kalangu ya gama a 1999, ba a taɓa cewa ya gundiri kowa ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba su bar kotso ba. Haruna Uji da gurminsa aka san shi, Barmani Choge da ƙwaryarta. Ashe ba dole sai an sauya abin kiɗa ake sabunta fasaha ba. Haka ne. Sai dai waɗannan mawaƙa ne, sabuntarsu a harshe take, kullum duniya na kawo musu sabon mutum da sabon labari, suna kuma yawo gari-gari suna cika kunnuwansu. Mabushi kuwa bakinsa a toshe yake, ba shi da kalma sai sauti, in sautin ya tsufa a hannunsa ba shi da wata mafita. Akwai kuma wani haɗarin na gaske, wato taɓa wannan taɓa wancan, mutum ya tara kayan kiɗa kamar mai shago, kowanne ya iya rabi, a ƙarshe ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Yusuf ya tsira daga wannan ne saboda abu biyu. Duk abin da ya ɗauka yakan nemi mai shi ya koya a wurinsa, ya ba shi shekaru. Sannan bai taɓa sakin saksofon ɗinsa ba. A shekarun 1990 ya yi jerin faya-fayai inda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da manyan mabusan saksofon irin su Archie Shepp da Von Freeman, kuma wanda ya saurara zai ji ƙahon nasa ya koyi haƙurin sarewa, ya koyi yin shiru, ya koyi lanƙwasa sauti irin na algaita. Ya yi yawon duniya ne ya dawo wa uwargida da tsaraba.

Kada kuma a ce wannan hali na Amurkawa ne masu kuɗin jirgi. Muna da namu a nan kusa. Malam Maman Barka na Nijar, malamin makaranta ne ɗan asalin Tesker, ya yi suna da gurmi da waƙoƙinsa na Hausa har a Arewacin Nijeriya. Yana tsakiyar tashensa, a 2002, ya samu tallafin hukumar UNESCO ya nufi Tafkin Chadi wajen Buduma masunta, don ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. A lokacin dattijo ɗaya ya rage da ya iya shi sosai, Bukar Tar. Barka ya ajiye sunansa a bakin ruwa ya zauna gaban tsohon nan yana koyo, har dattijon ya damƙa masa nasa biram ɗin. Da shi Barka ya shiga Turai, ya fitar da faifai a 2009, mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba suka ji muryarsu. Ya rasu a watan Nuwamba na 2018. Da girman kai ya hana shi wannan tafiya, da biram ya bi Bukar Tar kabari, shi kuma Barka da ya ƙare a inda ya fara.

Girman kan nan shi ne babban shingen da nake gani a tsakaninmu. Mun gaji al'adar da ta raba kiɗa gida-gida, ɗan mai kotso kotso, ɗan mai algaita algaita, kuma wannan gado ya tsare mana abubuwa masu yawa. Amma ya zo da wani tunani, cewa wanda ya yi suna in aka gan shi durƙushe gaban wani yana koyo to girmansa ya zube. Yau kuma fiyano ta zo ta ƙara mana wani. Tunda akwatin nan na ɗauke da muryar goge da ta kalangu da ta sarewa, matashi na ganin ya mallake su duka. Ban raina fiyano ba, ta ciyar da gidaje da yawa, ta kuma fito da yara masu basira waɗanda da ba su da hanyar shiga kiɗa saboda ba gadonsu ba ne. Illarta ita ce duk muryar da ka zaɓa, yatsun nan ne dai a kan fararen haƙoran nan, suna bin hanyar da suka saba. Suna ya sauya, tafiyar ba ta sauya ba. Shi ya sa za ka saurari waƙoƙi goma a jere a gidan biki ka rasa inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Goge kuwa in ka ɗauke shi zai ƙi ka. Zai yi maka ƙara mai ban haushi wata da watanni, zai tilasta maka ka nemi sautin da ke tsakanin farin haƙori da baƙi, wanda fiyano ba ta da shi, wanda kuma a nan rabin daɗin kiɗanmu yake.

Na faɗa wa ɗan ƙanen nawa wannan labari a hanyarmu ta komawa gida. Ya yi shiru, can ya ce, “To Baba, yanzu a ina zan samu mai koya mini?” Na ce masa masu goge da kukuma ba su ƙare ba, masu algaita na nan a ƙofar kowace fada, kuma duk rugar da ya bi da kaka zai ji sarewa. Abin da ya rage shi ne ya je da ƙafarsa, ya yi sallama, ya zauna a ƙasa.

Kirana ga matasanmu masu situdiyo, musamman waɗanda suka riga suka yi suna suke kuma ji a ransu cewa hannunsu ya fara maimaita kansa, kowa ya zaɓi abin kiɗa guda na gida, ya nemi dattijon da ya iya shi, ya biya shi haƙƙinsa, ya ba abin shekara biyu ko uku ba tare da gaggawar kai shi kasuwa ba. Malamanmu na jami'o'i kuma, littafin nan na Kofoworola da Yusuf Latif ya cancanci a sake buga shi, a kuma mayar da shi Hausa don waɗanda aka rubuta shi a kansu su karanta. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon mabushi ko makaɗi a unguwarku, ka je ka gaishe shi cikin makon nan, ka tambaye shi ko akwai wanda yake koya wa.